Yadda Ake Taimaka wa Hanji Ya Koma Bakin Aiki Bayan Cire Maɗaciya

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mahauci yana feɗe rago, ko ya ga ana gyaran kaza a tsakar gida, ya san wata 'yar jaka koriya da ke manne a ƙarƙashin hanta. Ita ce maɗaciya, wasu kuma su ce matsarmama. Mahauci yakan yanke ta cikin natsuwa ya jefar, domin in ta fashe ruwanta ya taɓa nama, ɗaci ya ɓata shi ke nan. Ɗan Adam ma yana da irin wannan jaka, kuma cire ta yana daga cikin ayyukan tiyatar ciki da aka fi yi a duniya. Ana rayuwa lafiya lau ba tare da ita ba. Sai dai a kwanaki da makonnin farko bayan aikin, sau da yawa ba wurin ɗinki ne ya fi damun majiyyaci ba, hanjinsa ne. Da fari sai ya ƙi motsi, daga baya kuma a jikin wasu sai ya ƙi tsayawa.

Waɗannan matsaloli biyu ne daban. Ta farko tiyatar ce da magungunanta ke haddasa ta, babu ruwan rashin maɗaciya a ciki. Ta biyu ita ce ainihin wadda rashin maɗaciya ke jawowa. Abin da ke taimaka wa ɗaya yana iya ƙara wa ɗayar tsanani, saboda haka mai jinya da bai bambance su ba yana iya cutar da majiyyacinsa da kyakkyawar niyya.

Mene ne aikin maɗaciya?

Mutane da yawa suna zaton maɗaciya ce ke yin ruwan ɗacin da ke cikinta. Ba haka ba ne. Hanta ce ke yin sa dare da rana, kimanin rabin lita zuwa lita guda a kowace rana. Maɗaciya rumbun ajiya ce kawai, kuma ƙaramin rumbu, domin abin da take ɗauka bai wuce mililita 30 zuwa 50 ba, wato kamar babban cokali biyu zuwa uku. Dabararta ita ce takan tsotse ruwan da ke cikin abin da hanta ta aiko mata, har ya yi kauri ninki biyar zuwa goma, ta riƙe shi sai an ci abinci.

Da zarar abinci mai maiƙo ya bar tumbi ya shiga bakin ƙaramin hanji, bangon hanjin yakan saki wani sinadarin saƙo cikin jini mai suna kolesistokinin, wanda masana biyu a Amurka, Andrew Ivy da Eric Oldberg, suka gano a 1928. Saƙon na isa maɗaciya sai ta matse, ta tsiyaye ruwanta ta wani siririn bututu a kan abincin. A cikin ruwan akwai wasu sinadarai da ake kira gishirin ɗaci, waɗanda ke yi wa kitse abin da sabulu ke yi wa maiƙon kwano. Malami na iya nuna wa ɗalibai wannan cikin minti biyar. A zuba ruwa da cokalin man gyaɗa a kwalabe biyu, a ɗiga ruwan sabulu a ɗaya, a girgiza su duka, a ajiye. A kwalbar da babu sabulu mai zai sake tasowa sama ya haɗe. A ɗayar kuwa zai tarwatse ya zama ƙananan ɗigo, ruwan ya yi fari kamar madara. Sai kitse ya tarwatse haka sinadaran narkar da abinci ke iya cin ƙarfinsa.

Jiki ba ya almubazzaranci da gishirin ɗaci. Bayan ya gama aikinsa, ƙarshen ƙaramin hanji yakan tsotse kimanin kashi 95 cikin ɗari, ya mayar wa hanta ta cikin jini, hanta ta sake aiko da shi. Haka yake kewayawa sau da dama a rana guda. Kashi 5 ɗin da ya rage ne kawai ke tsallakawa zuwa babban hanji. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi, domin a kansa bayanin gudawar bayan tiyata ya rataya.

Abin da ya fi sa a cire maɗaciya shi ne tsakuwa. Ruwan da ya yi kauri yana iya daskarewa, ko dai saboda yawan kolestarol, ko saboda yawan bilirubin, wato launin da ke fitowa daga jajayen ƙwayoyin jini idan sun mutu. Nau'i na biyun ya shafi ƙasar Hausa ƙwarai. Jar ƙwayar jini ta mai lafiya takan yi kwana 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ne, saboda haka hantarsa kullum tana fama da bilirubin fiye da kima. Shi ya sa ake samun tsakuwar maɗaciya a jikin masu sikila tun suna samari da 'yan mata, shekarun da yawancin mutane ba su san da ita ba. Najeriya kuwa ita ce ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar masu sikila.

Likitan da ya fara cire maɗaciyar mutum cikin nasara shi ne Carl Langenbuch, a birnin Balin na Jamus, a 1882. Fiye da shekara ɗari ana yin aikin ta hanyar tsaga ciki a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. A 1985 wani Bajamushe, Erich Mühe, ya cire ta ta 'yan ƙananan huji da taimakon madubin leƙe, sa'an nan Philippe Mouret ya yi irin haka a birnin Liyon na Faransa a 1987, daga nan hanyar ta bazu. A wannan tiyata ta huji, akan hura iskar kabon-dayoksaid cikin ciki don ya buɗe, a shigar da madubi da kayan aiki, galibi ta huji huɗu. Har yanzu ana tsaga ciki a inda babu kayan, ko idan maɗaciyar ta kumbura ta manne da maƙwabtanta. Bambancin hanyoyin biyu yana da tasiri a kan hanji, kamar yadda za a gani.

Dalilin da ke sa hanji yin likimo

Ƙaramin hanji ya kai kimanin mita shida, babba kuma mita ɗaya da rabi. Abinci ba ya gangara cikinsu don kansa. Tsokar bangon hanji ce ke matsewa a bayan loma ta saki a gabanta, kamar yadda hannu ke tatsar nono, haka har ƙarshe. William Bayliss da Ernest Starling ne suka bayyana wannan tsari a Landan a 1899, suka kuma nuna cewa yana ci gaba ko da an yanke jijiyoyin da suka haɗa hanji da ƙwaƙwalwa. Wato hanji yana da nasa jijiyoyin saƙo a cikin bangonsa, fiye da miliyan ɗari, masu gudanar da aikinsa.

Tiyata tana rikita wannan tsari ta fuskoki da yawa a lokaci ɗaya. Taɓa hanji da ture shi gefe yayin aiki yana sa jijiyoyinsa su dakata, kuma bangonsa ya ɗan kumbura. Ciwo da firgicin jiki suna tayar da jijiyoyin nan da ke shirya mutum don gudu ko faɗa, su kuwa umurninsu na farko shi ne narkar da abinci ya jira. Ga maganin sa barci, ga yunwar da aka zauna da ita kafin aiki, ga kwanciya wuri ɗaya. Idan an yi amai da yawa, sinadarin fotasiyam yakan ragu a jini, tsokar hanji kuma ba ta matsewa sosai in babu shi.

Sassan cikin ba sa farfaɗowa tare. Bayan babban aikin ciki, ƙaramin hanji yakan koma aiki cikin kwana guda, tumbi cikin kwana ɗaya zuwa biyu, babban hanji kuwa sai ya kai kwana biyu zuwa uku. A tiyatar huji jinkirin bai kai haka ba, tun da ba a cakuɗa hanji sosai ba, har akan sallami mutane da yawa a ranar ko washegari. Tun da babban hanji ne na ƙarshe, shi ya sa likita ko nas ke tambayar majiyyaci kowace safiya ko ya fitar da iska. Tambaya ce mai nauyi a kunnen Bahaushe, musamman dattijo a gaban 'ya'yansa ko mace a gaban surukanta, kuma wasu kan amsa da abin da ba shi ne ba don kunya. Ya kamata masu jinya su ba da wuri a irin wannan lokaci, domin fitar iskar nan ita ce shaidar farko cewa hanya ta buɗe daga sama har ƙasa. Rashin yin bayan gida na kwana biyu ko uku kuwa ba abin tayar da hankali ba ne, muddin iska na fita, ciki bai kumbura ba, kuma ba a amai. Wanda bai ci ba, ba shi da abin fitarwa.

Babban mai laifi a nan shi ne maganin kashe ciwo na dangin mofin, irin su kodin, tiramadol da fentazosin. Waɗannan magunguna suna da mazauni a ƙwaƙwalwa inda suke dushe ciwo, amma suna da irin wannan mazauni a jijiyoyin hanji, inda suke rage motsin tura abinci. Bayan gida sai ya daɗe a babban hanji. Aikin babban hanji kuwa tsotse ruwa ne: kimanin lita ɗaya da rabi ke shigarsa a rana, abin da ke fita da bayan gida bai wuce mililita 100 zuwa 200 ba. Gwargwadon daɗewar abu a cikinsa, gwargwadon bushewarsa. Wani abin lura kuma shi ne, jiki yakan saba da yawancin illolin waɗannan magunguna, kamar jiri da tashin zuciya, amma hanji ba ya sabawa. Saboda haka likitoci sukan yi ƙoƙarin mayar da majiyyaci kan farasitamol da wuri, tare da irin su ibufurofen ga wanda ba shi da gyambon ciki ko ciwon ƙoda. Mai sikila da ya daɗe yana karɓar dangin mofin saboda ciwon ƙashi yana bukatar a fara ba shi maganin laushin bayan gida tun ranar farko. Haka kuma wanda ya saba shan tiramadol ko kodin ba bisa ƙa'ida ba, matsalar da ta kai gwamnatin Najeriya ga hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, lalle ya gaya wa likitansa gaskiya kafin a shiga ɗakin tiyata. Ɓoyewar tana rikita lissafin maganin barci da na ciwo, ta kuma tsawaita likimon hanji.

Abin da ke tayar da shi

A da, ƙa'idar asibiti ita ce a kwantar da wanda aka yi wa aikin ciki, a hana shi ci da sha har sai hanjinsa ya motsa. A shekarun 1990 wani likitan tiyata ɗan ƙasar Danmak, Henrik Kehlet, ya jagoranci sauya wannan tunani. Ya nuna cewa majiyyatan da aka rage musu dangin mofin, aka tashe su tsaye da wuri, aka ba su abinci da wuri, sun fi saurin warkewa. Wannan tsari ne asibitoci da yawa ke bi a yau, har ma kafin aiki: maimakon yunwar dare da yini, ƙa'idar da aka fi bi ita ce a daina cin abinci awa shida kafin maganin barci, a daina shan ruwa awa biyu kafinsa, sai fa in likita ya faɗi wani abu daban.

Hikimar ci da wuri ita ce abinci da kansa yana tayar da hanji. Idan tumbi ya buɗe, yakan aika wa babban hanji saƙo ya matsa gaba da abin da ke cikinsa, dalilin da ya sa jariri ke yin kashi yana gama shan nono. Hanjin da aka bar shi wayam ba ya samun wannan saƙo. Bayan tiyatar huji akan fara kurɓar ruwa cikin 'yan awoyi da farkawa. In ya zauna, sai a bi da koko ko kunu marar kauri, sa'an nan fate, dafaffen dankali, shinkafa ko tuwo mai laushi da miyar da ba a cika wa mai ba. Kaɗan-kaɗan ake ci, a dakata in zuciya ta tashi. Lemon kwalba mai gas ba ya cikin lissafi, duk da kasancewarsa abin da 'yan dubiya suka fi kawowa, domin iska yake ƙara wa cikin da iska ta riga ta dama.

Tafiya ita ce ta biyu. Majiyyaci ya zauna a bakin gado a ranar aikin, ya miƙe da taimakon wani, ya taka zuwa ƙofa ya dawo, ya riƙa ƙarawa sau da yawa a rana. Amfanin tafiya da aka fi tabbatarwa shi ne kare huhu daga namoniya da kare jijiyoyin ƙafa daga daskarewar jini, wanda kan iya kisa. Ban da wannan, majiyyata da yawa sukan ga iska ta fi saurin fita idan sun motsa. Tausayin da ke sa uwa ko mata ta ce kada ya tashi kada ɗinki ya warware, tausayi ne da ba ya kan hanya. Abin da ake hanawa shi ne ɗaukar kaya mai nauyi, kamar bokitin ruwa ko buhun hatsi, na 'yan makonni, kuma wanda aka tsaga wa ciki ya fi daɗewa a kan wannan hani.

A nan akwai wani ciwo da ke ruɗa mutane. Wanda aka yi wa tiyatar huji yakan ji ciwo a kafaɗarsa, galibi ta dama, ya yi mamakin abin da ya haɗa maɗaciya da kafaɗa. Ragowar iskar da aka hura ce ke taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, jijiyar wannan tantani kuwa daga wuya ta fito, wuri ɗaya da jijiyoyin kafaɗa, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka daga can ciwon yake. Iskar nan ba a cikin hanji take ba, a wajensa take, saboda haka ba ta fita ta ƙasa kuma maganin bayan gida ba ya taɓa ta. Jini ne ke shanye ta a hankali, a fitar da ita ta numfashi cikin kwana biyu ko uku.

Akwai wasu 'yan dabaru biyu masu sauƙi. Taunar cingam tana yaudarar jiki ya ɗauka ana cin abinci, sai yawu ya zubo, saƙo ya tafi ga hanji. Gwaje-gwaje da dama, yawancinsu a kan aikin babban hanji da tiyatar haihuwa, sun nuna tana ɗan gaggauta fitar iska, kuma ba ta da tsada ko haɗari ga babban da ya farka sarai. Ɗayar ita ce kofi. A wani gwaji da aka buga a 2012, wanda aka yi a Jamus a kan waɗanda aka yanke wa wani sashe na babban hanji, masu shan kofi sun yi bayan gida na farko bayan kimanin awa 60, masu shan ruwa kuwa bayan awa 74.

Idan an kai kwana uku babu bayan gida, ko yana fita da ƙyar, likita yakan ba da magani. Laktulos yana jawo ruwa cikin hanji ya tausasa abin da ke ciki, sena kuma tana zaburar da bangon hanji. Sena ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, daga dangin filasko ake samo ta. Bambancin shi ne ƙwayar asibiti an auna ta, jiƙon filasko na gida kuwa babu wanda ya san ƙarfinsa, kuma murɗar da yake sawa ba abin wasa ba ce ga mai sabon ɗinki. Gwanda, lemon zaƙi da kunun tsamiya sun fi dacewa. Harza, wato ɓangaren ganye da hatsi da 'ya'yan itace da hanji ba ya narkarwa, tana taimakawa, amma a ƙara ta sannu a hankali tare da shan ruwa sosai. Wanda ya cika cikinsa da wake da kwaɗon zogale a rana ta biyu, kumburi zai samu. A makewayi kuma kada a yi yunƙuri da ƙarfi. Tsuguno yana da wuya ga mai ɗinki a ciki, don haka a nema masa abin zama, ya dafe wurin da matashin kai ko naɗaɗɗen zane.

Lokacin da al'amari ya juya

Bayan mako ɗaya ko biyu, yawancin mutane sun koma yadda suke. Wasu kuwa, waɗanda aka fi ƙiyasta su da ɗaya ko biyu cikin goma, sai su tarar da akasin abin da suka yi fama da shi: bayan gida mai ruwa, rawaya ko kore-kore, mai zuwa da gaggawa, musamman da safe ko jim kaɗan bayan cin abinci mai maiƙo.

Hanta ba ta daina yin ruwan ɗaci ba, rumbun ne babu. Yanzu ruwan yana ɗiga cikin hanji kusan kowane lokaci, ko da abinci ko babu, kuma gishirin ɗaci yana kewayawa sau da yawa fiye da da. Kowane kewaye kuwa yana zubar da ɗan kasonsa zuwa babban hanji. Idan abin da ke tsallakawa ya yi yawa, sai ya sa bangon babban hanji ya zubo da ruwa maimakon ya tsotse, ya kuma hanzarta motsinsa. Ta ɗaya gefen, idan aka ci kitse mai yawa a zama ɗaya, babu ajiyar da za a tsiyaye masa gaba ɗaya, sai wani ɓangarensa ya wuce bai narke ba, ya jawo kumburi da bayan gida mai maiƙo.

Doki da jaki da raƙumi ba su da maɗaciya tun halittarsu, ruwan ɗacinsu yana ɗiga ne kai tsaye cikin hanji, kuma abincinsu ciyawa ce marar kitse da suke ci a hankali. Wanda aka cire wa maɗaciya zai amfana da kwaikwayon wani abu daga wannan tsari a makonnin farko: ya raba abincinsa gida biyar ko shida maimakon cika ciki sau biyu, ya kuma rage maiƙo. Ƙosai, soyayyar awara, tsire mai kitse, kilishi, man shanu a kan tuwo da miyar da man ja ke iyo a kanta su jira tukuna. A nan ne al'adar dubiya ke cin karo da ilmin likita, domin ganin mutum ya rame yakan sa dangi su yi ta aiko da soyayyun kaji da farfesun kayan ciki don ya mayar da jiki. Farfesun kifi ko na kaza da aka cire wa fata, aka kwashe man da ya taso sama, zai ba shi abin gina jiki ba tare da wahala ba. Ba a ce a daina cin mai ɗungurungum ba, domin bitamin A, D, E da K sai da shi suke shiga jiki. Bayan wata guda ko makamancin haka, sai a riƙa dawo da abincin da aka saba ɗaya bayan ɗaya, ana lura da wanda ciki ya ƙi. Rubuta abin da aka ci da abin da ya biyo baya a ɗan littafi na mako biyu ya fi dogara da tuni. Mai azumi ya nemi shawarar likita kan lokacin da zai fara, in ya fara kuma kada ya buɗe baki da tulin soye-soye bayan yini guda ciki wayam.

A wannan mataki kofi, wanda ya yi amfani a kwanakin farko, ya koma abin gudu, haka ma shayi mai ƙarfi da kayan zaƙi da yawa. Maganin laushin bayan gida kuwa a dakatar da shi da zarar ciki ya sake, abin da wasu ke mantawa su ci gaba da sha har kwalba ta ƙare. Harzar da ta dace yanzu ita ce mai yauƙi ko mai laushi, irin ta kuɓewa, ayaba, karas da dankali, domin tana shan ruwa ta ɗaure bayan gida, tana kuma riƙe wani abu daga gishirin ɗaci.

Wannan gudawa ba ta ƙwayoyin cuta ba ce, saboda haka sayen Flagyl ko tetirasaikilin a kemis, kamar yadda aka saba yi wa kowace irin gudawa, ba ya maganinta. Yana iya ma ƙara ta, tun da irin waɗannan magunguna suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a babban hanji. In ruwa ya zuba da yawa, a sha haɗin gishiri da sukari: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita guda ta tsabtataccen ruwa. Ga yawancin mutane abin yakan lafa cikin makonni ko 'yan watanni. Wanda nasa ya ƙi lafawa, akwai maganin da ya dace da shi, wani gari mai suna kolestiramin da ake damawa a sha. Ba ya shiga jini, a cikin hanji yake tsayawa ya kama gishirin ɗaci ya fita da shi, kuma sau da yawa ana ganin sauyi cikin 'yan kwanaki. Aibinsa shi ne yana kama wasu magunguna ma, saboda haka akan sha sauran magani awa ɗaya kafinsa ko awa huɗu zuwa shida bayansa. Mutane da dama sun yi shekaru suna tsoron doguwar tafiya a mota da zaman taro saboda wannan matsala, ba su kai kuka asibiti ba, alhali ga magani.

Alamun da ba a jira da su

Duk bayanin da ya gabata ya shafi hanjin da ke kan hanyar warkewa. Akwai alamun da ke nuna wani abu ne daban ke faruwa, kuma ba a yi musu maganin gida. Idan ciki yana ƙara kumbura, iska ta daina fita, ana amai a kai a kai, musamman kore, to hanji ya tsaya cik ko ya toshe, kuma ba da maganin bayan gida a wannan hali haɗari ne. Ciwon cikin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, tare da zazzaɓi ko rawar ɗari, yana iya zama ruwan ɗaci ne ke yoyo cikin ciki daga wurin da aka ɗaure, ko bututun ɗaci ya sami rauni, abin da ke faruwa ga ƙasa da mutum ɗaya cikin ɗari. Kada a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne a tsaya shan magani a gida. Jini a bayan gida, ko baƙin bayan gida kamar kwalta, ko gudawa mai tsanani da zazzaɓi bayan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, su ma na komawa asibiti ne a ranar.

Launin bayan gida yana da labarin da yake bayarwa. Bilirubin da ke cikin ruwan ɗaci shi ne ke rikiɗa a hanji ya ba bayan gida launinsa na ƙasa-ƙasa. Idan wata tsakuwa ta saura a babban bututun ɗaci ta toshe shi, ruwan ba ya isa hanji, sai bayan gida ya yi fari-fari kamar farar ƙasa. Bilirubin ɗin kuma sai ya koma cikin jini, idanu su yi rawaya irin ta shawara, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, jiki ya riƙa ƙaiƙayi. Wannan na iya bayyana bayan kwanaki, ko bayan watanni. Jiƙe-jiƙen shawara ba sa motsa tsakuwa daga bututu. A asibitin da ke da kayan aikin, akan zura wani dogon madubi mai lanƙwasa ta baki, ya bi ta tumbi har bakin ƙaramin hanji inda bututun ya buɗe, a faɗaɗa bakin a jawo tsakuwar, ba tare da an sake tsaga ciki ba.